Lifidin Mai Babur

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta nufi Jega, ya san cewa kafin ya kai Tambuwal sai ya ratsa Boɗinga, sa'an nan ya ratsa Shagari. Waɗannan garuruwa biyu ba baƙi ba ne ga mai nazarin tarihi. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna 'yan shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga kanta ya zauna a wannan zamani. Shagari kuma ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasar Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, a can ne kuma aka rufe shi da ya rasu a 2018. To, amma ba zancen sarauta ko mulki ne ya kawo wannan rubutu ba. Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda suka faɗi a kan babur ɗaya, a wuri ɗaya, cikin ƙiftawar ido ɗaya, amma kowa ya tashi da rabonsa daban. Abin da ya raba rabon nasu kuwa shi ne abin da kowannensu ya sa a jikinsa kafin su hau.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya tuna yadda babur ya zama ɗan gida a wannan yanki. A da jaki da raƙumi da keke su ne abin hawan talaka. Da aka biya ma'aikatan gwamnati kuɗin Udoji a 1975, malaman makaranta da akawuna da yawa suka sayi Honda da Yamaha da Vespa, har babur ya zama alamar ɗan boko mai albashi. Daga baya, da rayuwa ta yi tsada, sai aka shiga ɗaukar mutane a kansa don neman abinci, sana'ar da ake kira acaɓa a Kano, a Sakkwato kuma kabu-kabu. Da babura masu sauƙin kuɗi suka shigo daga Sin da Indiya, irin su Jincheng da Bajaj, sai ya zamana da wuya a sami ƙauyen da ba a jin kukan babur a cikinsa. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai buhun gero da albasa kasuwa, shi ke kai amarya da 'yan rakiyarta. Watau dai babur ya gaji doki a wajen aiki, sai dai bai gaji kayan doki ba.

Yayan, wanda shi ne ɗan farin mahaifiyarsu, ɗan kabu-kabu ne. Ya shekara goma yana zirga-zirga tsakanin Boɗinga da Shagari da ƙauyukan da ke tsakani. Ya san kowane rami, ya san inda shanu ke ƙetare titi da maraice, ya san kwanar da yashi ke taruwa bayan ruwan sama. Ƙwararre ne na gaske, har mata kan tsaya su jira shi ko da akwai wasu masu babur a tasha, domin ba ya tuƙin ganganci. Kayan aikinsa kuwa su ne 'yar shara, da wando marar nauyi, da silifa, da hula. Da hunturu yakan ƙara rigar sanyi da safar hannu ta ulu, ya naɗe fuska da rawani, da sanyi ya wuce kuma ya ajiye su sai baɗi. Ma'ana, yana yi wa sanyi shiri, amma bai taɓa yi wa kwalta shiri ba.

Ƙanen malamin firamare ne. Yana zaune a gidan gadonsu kusa da Boɗinga, yana koyarwa a wani ƙauye na ƙasar Shagari, saboda haka kullum yana bisa hanya safe da yamma. Tun ranar da ya ga an kwashe wani ɗan makarantarsu daga gefen titi, kansa a fashe, alhali jikinsa ko ƙwarzane babu, ya tara kuɗi ya sayi hular kwano. Daga baya ya ƙara da wata riga mai kauri da ya tsinta a wurin 'yan gwanjo, da takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu. In ya fito da wannan shiga, yaran unguwa kan bi shi suna kiran ɗan sama jannati. A tasha kuwa abokan yayansa sukan tambaye shi ko yaƙi aka aike shi. Shi dai sai ya yi murmushi ya wuce.

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya yi wa yayansa maganar hular. Amsar ba ta sakewa.

"Kai dai Malam, ka cika tsoro. Shekara goma ina bisa hanyar nan, ka taɓa ganin na faɗi?"

"Yaya, ai ranar faɗuwa ba ta aiko da goro."

"Abin da Allah ya rubuta wa bawa, kwano ba ya kankare shi. Kuma ka dubi zafin garin nan. In na kifa tukunya a kaina tun safe, ai kafin azahar ƙwaƙwalwa ta dafu."

Da yake yaya ne, ƙanen bai iya jan magana da shi. Sai ya yi shiru, a bar zancen sai wani jiƙon.

Adalci ne a faɗi cewa yayan ba shi kaɗai yake da wannan ra'ayi ba, kuma hujjojinsa ba duka ne na banza ba. Da bazara ma'aunin zafi a ƙasar Sakkwato yakan haura 40, mai neman abinci a kan babur kuwa a cikin ranar nan yake wuni. Hula mai kyau tana da tsada ga wanda abin da ya samu yau shi za a ci yau. Akwai kuma zancen mutunci, domin dattijo yana ganin ƙasƙanci ne ya tuɓe hularsa ko rawaninsa ya kifa roba. Fasinjoji kuma suna ƙyamar hular da kowa ya sa, wasu don tsoron ƙwarƙwata da cutar fata, wasu don jita-jitar cewa ana yin asiri da ita. Shi ya sa da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009, abin ya zama wasa a wurare da dama. A Kano har an kama masu babur sun kifa ƙwarya sun ɗaura mata igiya. Wasu suka sa hular ma'aikatan gini, wasu suka rataye ta gaske a kan babur, sai sun hango jami'ai su ɗora. Dokar ta shiga littafi, amma ba ta shiga zuciya ba, domin an ɗauke ta a matsayin hanyar tserewa tara, ba a ɗauke ta hanyar tsira da rai ba.

Akwai mutum ɗaya a gidan da bai taɓa yi wa ƙanen dariya ba, shi ne kawunsu, wani tsohon baduku da ke da rumfa a bakin kasuwa. Kakanninsa kayan doki suke ɗinkawa. Wata rana da gardamar ta tashi a gabansa, sai ya ajiye basilla ya dubi yayan.

"Ɗana, ka taɓa zuwa kallon hawan salla?"

"Na taɓa, Kawu."

"Ka ga 'yan lifida?"

"Na gan su."

"To, matsorata ne?"

Yayan ya yi dariya, bai ce kome ba. Tsohon ya ci gaba da cewa mutanen da suka hau doki suka tari mashi da kibiya ba su san Allah ƙasa da 'yan kabu-kabun yau ba, kuma ranar da ta dafa su ita ce ke dafa na yanzu. Duk da haka sun sa lifidi mai cushe da auduga, sun lulluɓe doki da shi, sun sa sulke, sun kifa kwalkwali, ba wanda ya ce sun raina ƙaddara.

Maganar tsohon tana da tushe. Littafin tarihin Kano ya nuna cewa Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunarsa. Ashe ke nan fiye da shekara ɗari shida Bahaushe ya san cewa mahayi yana bukatar suturar da ta fi ta mai tafiya a ƙasa. Har ila yau, malamai sun karantar da cewa an sanar da Annabi Dawuda sana'ar ƙera sulke, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa sulke biyu ranar yaƙin Uhudu. Saboda haka wanda ya ce kariya tana karo da tawakkali, bai ɗauko wannan magana daga addini ba, bai kuma ɗauko ta daga al'adar iyayensa ba. Ganin dama ne kawai aka yi wa rigar tawakkali.

Ranar da abin ya faru, ranar ɗaurin auren wani ɗan'uwansu ce a Shagari, cikin hunturu. Babur ɗin ƙanen yana wurin bakanike, don haka yayan ya ce ya zo su tafi tare. Yayan ya ci ado da babbar riga ta shadda, sabuwa fil, da hula ƙube, da buɗaɗɗen takalmi. Ƙanen ya sa kaftani, ya ɗora rigarsa mai kauri a kai, ya sa takalminsa, ya ɗauko safar hannu ta fata da kawu ya ɗinka masa, ya rungumo hular kwano. Da za su hau, sai ya miƙa wa yayansa hular.

"Yaya, kai ke gaba, kai ya kamata ka sa."

"In sa wannan a kan shadda? Rufa mini asiri, Malam. Gidan biki za mu."

Suka je lafiya, aka ɗaura aure, aka ci aka sha. Suka kamo hanyar gida ana gab da magariba, hazo ya rufe gari, rana ta zama kamar faifai. Gudunsu bai wuce kima ba. Sun baro Shagari da 'yar tazara, sai wani jaki da aka koro daga gona ya faɗo titi daga bayan wata motar kaya da ke tsaye. Yayan ya taka birki, ya karkata don ya kauce, tayar gaba ta hau yashi, kan babur ya kuɓuce masa. Ƙwarewar shekara goma ba ta sami ko daƙiƙa biyu da za ta yi aiki ba.

A nan ya kamata a ɗan tsaya a dubi abin da ke faruwa ga jikin ɗan Adam a irin wannan lokaci, domin yawancin mahaya ba su taɓa auna shi ba. Mai gudun kilomita 50 a sa'a, in ya yi karo da abu tsayayye, daidai yake da wanda ya faɗo daga bisan da ya kai mita 10, watau kamar daga kan doguwar giginya. In kuma aka ninka gudun sau biyu, ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkuwa. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi, mai babur kuwa jikinsa ne bangon motarsa. Faɗuwar kuma iri biyu ce a haɗe. Da farko akwai bugu, inda kai ko kafaɗa ko gwiwa ke dukan ƙasa. Sa'an nan akwai jan ƙasa, inda mutum ke sulalewa a kan kwalta, ita kuwa tana cin duk abin da ta taɓa kamar yadda dutsen niƙa ke cin tsaba. Yadi marar kauri nan take yake yagewa, na roba ma har narkewa yake yi ya manne a ciwo. In yadi ya ƙare, sai fata, in fata ta ƙare, sai nama.

Kowane kayan kariya da aikin da yake yi a cikin wannan ɗan lokaci. Hular kwano ta gaske hawa biyu ce: ɓawo mai tauri a waje wanda ke watsa ƙarfin bugu, da wani farin soso mai tauri a ciki wanda ke murƙushewa ya shanye bugun kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Wannan soso shi ne ran hular, shi ne kuma abin da ƙwarya da hular magina ba su da shi. Igiyar haɓa ita ke riƙe hular, in ba a ɗaure ta ba, hular kan riga mai ita isa ƙasa. Safar hannu tana da muhimmanci domin duk mai faɗuwa hannu yake fara kai wa ƙasa, ba da shawararsa ba. Rufaffen takalmi yana tsare yatsu da idon sawu, waɗanda babur kan danne ya ja, yana kuma tsare ƙafa daga ƙunar salansa. Riga da wando masu kauri su ne ke ba kwalta abin da za ta ci kafin ta kai ga fata. Tufafi masu yalwa kuwa, irin su babbar riga da zane da mayafi, in ba a tattare su ba, sukan shiga kaca ko tayar baya su jawo haɗarin da kansu.

Ƙanen ya tuna cewa ya ji ƙara a kansa kamar an buga ganga, sa'an nan ya ga sama da ƙasa suna juyawa. Da ya tsaya, sai ya tashi zaune. Hannunsa na hagu ya karye a wuyan hannu, gwiwarsa ta goge inda kaftani bai da kauri. Rigar gwanjo ta yage daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, safar kawu ta cinye a tafi har ta kusa hudawa, hular kuma ta tsage ta gefen dama. Ya waiwaya yana neman yayansa, sai ya hango ƙube a tsakiyar titi, takalmi ɗaya a nan ɗaya a can. Yayan yana kwance a gefe, shadda ta zama tsumma, tafin hannuwansa biyu sun saɓule, yatsun ƙafarsa ta dama sun ragargaje, jini yana fita ta kunnensa. Yana numfashi, amma ba ya amsa kira.

Direban motar kayan nan da wasu manoma suka taimaka aka sa shi a mota. Daga ƙaramin asibiti aka tura su Sakkwato a daren. Hoton kai ya nuna cewa ƙoƙon kai ya tsage, jini kuma ya taru a ciki yana danne ƙwaƙwalwa, sai an yi aiki. Likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya sa da sauran kwana. Ya yi kwana tara bai san inda yake ba, ya yi wata biyu a kwance. An yanke yatsu biyu na ƙafa. Kafin a sallame shi an sayar da abin da ya rage na babur, an sayar da tumakin matarsa, an jinginar da gonar fadama da suka gada. Kuɗin maganin kwana ɗaya a makon farko ya fi kuɗin hular da ya ƙi saya shekara goma.

Mahaifiyarsu ta zo asibitin a rana ta biyu. Da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma saba nuna damuwa da shi a gaban mutane ba. Ta zauna a kan tabarma a baranda, ta ƙi shiga ɗakin, tana jan carbi. Can da dare, da mutane suka ragu, sai ta dubi ƙanen da hannunsa a ɗaure, ta yi magana a hankali.

"Kai da ka san amfaninta, me ya hana ka ba shi?"

"Inna, na ba shi, ya ƙi."

"Ka ba shi sau nawa?"

Bai amsa ba. Wannan tambaya ta fi karayar hannu yi masa ciwo, har yau kuma ba ta sake shi ba. Ya sani cewa hula ɗaya ce, in da yayan ya karɓa, watakila shi ne zai kwanta a gadon nan. Ya kuma sani cewa shekara da shekaru yana da halin da zai tara kuɗi ya sayi ta biyu ya ajiye masa, ko ya kai ƙara wurin kawu da Inna su sa baki, amma kunya da girmamawa suka sa ya riƙa yin shiru da zarar an yi masa dariya. Masu iya magana sun ce da na sani ƙeya ce.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa abin da ya faru a hanyar Shagari sa'a ce kurum ta faɗa wa ɗaya ta tsallake ɗaya. Masana sun daɗe suna auna wannan al'amari. A watan Mayu na 1935 wani shahararren sojan Ingila, T. E. Lawrence, ya faɗi a kan babur garin kauce wa wasu yara biyu masu keke, ba hula a kansa, ya mutu bayan kwana shida. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya duƙufa kan binciken raunin kai a tsakanin masu babur, har aka wajabta wa sojojin Ingila masu babur sa hular kwano a 1941, aka kuma mayar da ita doka ga kowa a ƙasar a 1973. A 2008 wasu masana suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka gano cewa hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, tana rage raunin kai da kimanin kashi 69 cikin ɗari. Game da sauran tufafi kuwa, wani bincike da aka buga a 2011 a kan mahaya 212 da suka yi haɗari a Ostareliya ya nuna cewa masu rigar kariya da wando da safar hannu ba su cika kwanciya a asibiti kamar marasa su ba, ko da yake bai nuna cewa tufafin suna hana karaya ba. Wannan ya yi daidai da abin da ya sami ƙanen: ya karye, amma bayan mako uku yana gaban allo yana koyarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗarin hanya a 2021, kuma a nahiyar Afirka ne abin ya fi tsanani in aka auna da yawan jama'a.

Ba wanda zai ce kayan kariya maganin mutuwa ne. Wanda ya shiga ƙarƙashin tirela, ko ya sa sulke bakwai sai yadda Allah ya yi. Ba su kuma maye gurbin birki mai kyau, da fitila mai haske, da gudu daidai kima, da barin ɗaukar mutum huɗu a kan babur ɗaya. Abin da suke yi shi ne su mayar da babban rauni ƙarami, su mayar da ƙarami ƙwarzane. Yawancin faɗuwar da ake yi a hanyoyin karkara kuwa irin ta 'yan'uwan nan ce: akuya, ko jaki, ko yashi, ko rami, a gudun da bai kai a kira shi ganganci ba. A irin wannan faɗuwa ne sutura ke raba wanda zai karkaɗe jiki ya tashi da wanda za a ɗauka.

Saura zancen zafi da tsada, waɗanda su ne hujjar da ta fi ƙarfi. A nan ma tsohon baduku yana da abin cewa. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya tun zamanin fatake, lokacin da ake ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Fatar akuya kuwa tana cikin irin da ake ɗinka safar hannun masu babur da ita a ƙasashen waje, saboda laushi da ƙwari. Abin mamaki ne a ce ƙasar majema da dukawa ce mahayanta ke tafe da tafin hannu tsirara. Bayan haɗarin, kawu ya shiga ɗinka safar hannu mai ninki biyu a tafi, da 'yan huji a baya don iska ta shiga. Yakan kuma ɗinka fata a gwiwar wando da gwiwar hannun riga ga wanda ya kawo. Hula ce kaɗai ya ce ba aikinsa ba ce, sai dai a saya, a duba sosonta da igiyarta, in kuma ta taɓa shan bugu a sake wata, domin sosonta sau ɗaya yake aiki. Ba duka 'yan tasha ne suka zo rumfarsa ba. Amma waɗanda suka je asibiti suka ga abokinsu, da yawansu sun zo, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yau shekara shida ke nan. Yayan yana raye, yana tafiya da ɗingishi, yatsun hannunsa ba sa dunƙulewa sosai. Maganarsa ta yi nauyi, yakan fara zance ya manta ƙarshensa, hayaniya kuma tana sa masa ciwon kai. Bai sake hawa babur da kansa ba. Yakan wuni a rumfar kawu yana shafa wa fata mai, yana miƙa zare. An fanshi gonar fadama bayan damina uku, da albashin ƙanen. Tsagaggiyar hular nan kuwa tana rataye a zauren gidan, ba wanda ya ce a ajiye ta, ba kuma wanda ya yarda a yar.

Babban ɗan yayan ya cika shekara goma sha takwas, kuma kamar yadda aka zata, babur ya nufa, domin ita ce sana'ar da ke kusa. Wannan karon ƙanen bai tsaya jin kunya ba. Ya ce ba za a karɓo babur ba sai an haɗa da hula biyu, ɗaya ta yaron, ɗaya ta wanda zai ɗauka, da takalmi, da riga mai ƙyalli don tafiyar dare. Kawu ya ba da safar hannu kyauta. Ranar da yaron zai fara fita, ya kifa hular a ka, ya bar igiyar tana lilo kamar yadda ya ga samari suna yi, ya tayar da babur. Sai mahaifinsa ya taso daga bakin zaure, yana jan ƙafa, ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Ya kama igiyar da yatsun nan da ba sa lanƙwasuwa, ya yi ta fama da ita, ba wanda ya ce bari in taya ka, har ta shiga ta kama. Sa'an nan ya ja ta ya ji ta yi daidai, ya dafa kafaɗar ɗansa.

"Kullum," in ji shi. "Ko gidan biki za ka."

Inna tana tsaye daga cikin soro tana kallo. Ba ta ce kome ba, sai da ƙarar babur ta ɓace ta wajen hanyar Shagari, sa'an nan ta ce Allah ya kiyaye hanya, aka amsa da amin.